KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI: KU BAR MATAN KUDANCIN KANO SU BUGA MUJALLARSU

Wannan rubutu yana da ɗan tsawo, wanda yake kan sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa. Kwana huɗu ke nan ina danne maganar nan a cikina, yau dai na ga idan ban amayar da ita ba, ba zan yi barci mai daɗi ba.

Ƙanwata malamar firamare ce a ƙasarmu ta Kiru. Ita da wasu ƙawayenta uku, ɗaya daga Bebeji, ɗaya daga Tudun Wada, ɗaya daga can wajen Doguwa, sun daɗe suna juya wata shawara: su kafa mujalla ta mata masu fasaha na yankinmu. Masu ɗinkin hula, masu saƙar faifai da tabarma, masu zanen ƙwarya, masu ginin tukwane, masu lalle, masu waƙa, har da yaran nan masu rubuta labarai a waya. Tsarin shi ne kowace mace ta yi rajista, ta riƙa zuba ɗan wani abu duk wata kamar adashi, duk bayan wata uku a buga mujalla a sa ayyukan mambobi da sunayensu da hanyar da mai saye zai same su. Ta kawo maganar cikin zaurenmu na WhatsApp na 'yan asalin yankin, inda muke da likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da daraktoci. Shawara kawai ta nema, ko sisi ba ta roƙa ba.

Kun san abin da ta samu? Wani ya turo hoton dariya. Wani ya ce mujalla ake ci? Wani ya ce a nemo musu keken ɗinki wajen ɗan majalisa ya fi. Wani ya ce wa zai karanta, tunda rabinsu ko sunansu ba sa iya rubutawa. Wani kuma, wanda na san ya fi ni ilimin addini, ya ce a yi hattara, irin wannan ne ke buɗe wa matan aure ido. Duk masu digiri ne fa. Ni kuma na yi shiru, na ga saƙon na wuce kamar ban gani ba. Wannan shirun nawa ya fi maganganunsu ci min rai, shi ya sa na zo nan in biya bashi.

Bari in fara da Inna, Allah ya jiƙanta. A Badafi aka haife ni, kuma da allura da zare aka yi min karatu. Inna mai ɗinkin hula ce. Wani dillali ne yake zuwa da ƙyalle da zare, ya bar mata, bayan makonni ya dawo ya karɓi hular ya ba ta kuɗin aiki. Da rana tana daka tana girki, da hantsi ko bayan la'asar ta zauna bakin ƙofar ɗaki, da daddare kuma ga aci-balbal. Ba kwaikwayo kawai take yi ba, tana ƙirƙiro zane nata na kanta, har matan unguwa su zo su ari wadda ta gama su duba. Kuɗin jarrabawata ta fita sakandare daga wannan allurar ya fito. Kuɗin motar da ta kai ni Kano ranar da zan fara jami'a, daga ƙullin bakin zaninta ta kwance shi.

Ina aji biyu a jami'a na shiga Kasuwar Kurmi rakiyar wani aboki. Sai ga hula a saman tari, an wanke ta an buge ta tana sheƙi. Wallahi ko cikin dubu zan gane ta, domin a gabana aka yi ta, har na tuna ranar da zaren ya yanke mata aka jira dillali mako guda. Na tambayi kuɗinta. Abin da mai shagon ya faɗa ya ninka abin da aka ba Inna sau da yawa. Wannan bai dame ni sosai ba, kasuwa ce. Sai na ce, Alhaji, wa ya ɗinka wannan? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce, daga ƙauye ake kawowa.

Daga ƙauye ake kawowa. Sunan mahaifiyata ke nan a kasuwa. Ta yi shekaru sama da 30 tana wannan aiki har idonta ya raunana. Yau ta rasu, babu hularta ko ɗaya a gidanmu, babu hoton aikinta, babu takardar da ta ce wance ce ta fara wannan zane. Har gobe ina ganin irin zanen a kan mutane ranar Juma'a, kuma 'ya'yana ba su da abin da zan nuna musu in ce ga hannun kakarku.

To ga maganata a taƙaice, duk sauran bayani ne a kanta. Matan yankinmu ba fasaha suka rasa ba, ba kuma juriya suka rasa ba. Abu uku aka raba su da shi: sunansu a kan aikinsu, sanin farashin aikinsu, da sanin junansu. Keken ɗinki ba ya ba da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Mujallar da su ne suka mallake ta tana iya ba da duka.

Ku zaro naira 20 daga aljihu ku juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a jiki ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga ƙauyen Kwali. Ba ta yi boko ba, wajen 'yar uwar iyayenta ta koyi gini kamar yadda ake koya a kowane ƙauye. Sarkin Abuja na wancan lokaci, Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa, a nan Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da ya buɗe a garin Abuja na da, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko da ta shiga. Daga nan aka riƙa buga wa tukwanenta hatimi mai haruffa biyu na sunanta. Aka nuna aikinta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ina tambaya, a duk ƙasar Gwari ita kaɗai ce gwanar gini a zamaninta? Ko kusa. Bambancinta da sauran shi ne an tambayi wa ya yi, an samu amsa, an rubuta. Sauran kuma sun zama daga ƙauye ake kawowa.

Kada wani ya ce min wannan labarin Turawa ne. Mu dawo gida Kano. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed. Bayan wasu shekaru sai ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, ga Hajiya Bilkisu Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, ga mata bila adadin a bayansu. Manyan kamfanonin ɗab'i ba su ne suka ɗauki wannan adabi ba. Marubutan ne suka haɗa kai cikin ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suna buga littattafansu da kuɗinsu, suna tallata na juna a bayan bango. Daga baya mata suka kafa nasu, irin su Kallabi da Mace Mutum. An zage su, an kira aikinsu adabin kasuwa, a 2007 har ƙona littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Amma ba su ɓace ba, domin kowane littafi yana ɗauke da sunan mai shi, kuma suna da ƙungiyoyin da za su tsaya musu. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata don mata marubuta. Suna da haɗin kai ne suka kai su nan, ba tallafin kowa ba.

Haka harkar fim. Mujallar Tauraruwa da ta fara fita a Kano a 1998, da mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, su ne suka sa mutumin Sakkwato da na Maraɗi suka san wa ya ba da umarni, wa ya rubuta labari, wa ya yi waƙa. Sunan Kannywood ma daga shafin mujalla ya fito. Duk mai binciken tarihin fim ɗin Hausa yau sai ya koma ga waɗannan tsofaffin kofe. To 'yan fim sun cancanci a rubuta tarihinsu, amma matar da ta zana ƙwaryar da ake zuba wa baƙo fura a ciki ba ta cancanta ba?

Yanzu bari in bi maganganun 'yan zaurenmu ɗaya bayan ɗaya, domin ba duka ne na banza ba.

Mai cewa mujalla ake ci, na ji ka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda rayuwa ta koma, ni ma albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. Amma Malam, ka taɓa zama ka yi tunanin me ya sa mai saƙar faifai take sayar da aikin kwana uku a kuɗin da bai kai mudun masara ba? Domin ba ta san nawa ake sayar da shi a Kano ko Abuja ba, kuma ba ta san nawa ake biyan takwararta ta Kofa ko ta Yaryasa ba. Dillali shi kaɗai ne ya san farkon hanya da ƙarshenta. Ni ban ce dillali ɓarawo ba ne, yana sa jarinsa, yana biyan mota, wani lokaci kaya su kwanta masa. Amma ciniki tsakanin mai ido da wanda aka ɗaure wa ido ba ciniki ba ne. A ce shafi ɗaya kawai na mujallar ya riƙa kawo farashin hula da faifai da tabarma a Kurmi da sauran manyan kasuwanni duk wata uku, wallahi wannan shafin kaɗai abinci ne. Ranar da mata goma a unguwa ɗaya suka san farashi, ranar kuɗin aiki zai canza.

Mai cewa ba su iya karatu ba, kai ma na ji ka, amma ka manta abubuwa da yawa. Ka manta yawancin matan nan sun yi makarantar allo ko Islamiyya, da yawansu suna karanta ajami, babu abin da zai hana a sa shafuka da ajami. Ka manta babu gidan da ba shi da yaro ko yarinya 'yar makaranta. Ka manta yadda ake karanta littattafan Hausa a rediyo mata suna saurare suna aiki, yanzu kuma ana naɗar murya a tura ta waya. Sannan ai hoton faifai ba ya buƙatar a iya baƙi. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita daga Zariya a 1939, mutum nawa ne suka iya boko a ƙasar Hausa a lokacin? Ɗaya ne yake karantawa, goma suna saurare a gindin bishiya. Da Abubakar Imam ya jira sai kowa ya iya karatu, da ba a yi jarida ba.

In kuma kana son misali na wannan zamani, je Indiya. A 2002 wasu matan karkara a jihar Uttar Pradesh, yawancinsu daga ƙabilun da ake rainawa, wasunsu ma da girmansu suka koyi karatu, suka fara jarida mai suna Khabar Lahariya cikin harshen ƙauyukansu. Su ne masu ɗauko labari, su ne masu tacewa, su ne masu yawon sayarwa. An yi musu irin dariyar da aka yi wa ƙanwata. A 2009 hukumar UNESCO ta ba su lambar yabo ta yaƙi da jahilci, a 2022 fim ɗin da aka yi a kansu ya shiga jerin masu takarar kyautar Oscar. Matan Badafi ba su fi waɗancan talauci ba, ba su kuma fi su ƙarancin boko ba.

Sai malamina mai tsoron a buɗe wa matan aure ido. Allah ya gafarta Malam, da girmamawa nake magana. Kai ne ka karantar da mu cewa dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ita sai da yardarta. Kai ne ka ba mu labarin Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah ya ƙara mata yarda, mai sana'ar hannu, tana jima tana ɗinkin fata tana sadaka da abin da ta samu. Kuma duk mun san abin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajjaji, kowace jaji a ba ta malfa a matsayin alama, su zo daga ƙauyuka su ɗauki karatu da waƙoƙin da ta rubuta su koma su koyar da matan da ba sa iya fita. Ta rasu a 1864, tsarin ya ci gaba bayanta. Mata ne suka tsara, mata suka rubuta, mata suka kai wa mata har cikin ɗaki. In wannan halal ne a Sakkwato a zamanin masu jihadi, ta yaya ya zama abin tsoro a Kiru yau?

Kuma a duba tsarin da yaran nan suka kawo kafin a yanke hukunci. Ba su ce za a buga fuskar kowa ba, hoton aiki za a buga. Wadda ba ta son sunanta na yanka ta sa alkunya ko Maman wane, zaɓinta ne. Ba lambar wayar matar aure za a watsa ba, lamba ɗaya ce ta ƙungiya, sai wakiliya a kowace mazaɓa da za ta riƙa shiga gida gida, kamar dai jaji. Ni a ganina wannan ya fi tsare mutunci a kan abin da ake yi yanzu, inda ake ɗora wa yarinya 'yar shekara tara talla ta yini a bakin titi a Kwanar Dangora tana bin motoci, domin uwarta ba ta da wata hanyar kaiwa ga mai saye. Wannan bai taɓa tayar mana da hankali a zaure ba, sai mujalla.

Yanzu na zo kan wanda ya fi ƙona min rai, mai cewa a nemo musu keken ɗinki. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara 20 ina jan fayil. Irin takardun nan na tallafa wa mata, da hannuna na rubuta wasu, Allah ya yafe min. Na san yadda abin yake. A kafa rumfa, a jera keken ɗinki da injin markaɗe da injin taliya, a kwaso mata a mota tun safe su zauna cikin rana, mai girma ya iso bayan azahar, a yi hoto, a watse. Wasu kayan tun a bakin ƙofa ake sayar da su, domin an ba mai ginin tukunya keken ɗinki, ba wanda ya tambaye ta me take yi, me take buƙata. A duk tsawon aikina ban taɓa ganin takardar da aka rubuta wance gwana ce a kaza ba. Wuri ɗaya ne sunan macen ƙauye yake shiga takardar hukuma: jerin waɗanda suka amfana, ta dangwala yatsa a gefe. Muna rubuta sunanta ranar da ta miƙa hannu ta karɓa, ba ma rubuta shi ranar da hannun ya ƙera abin da mu ba za mu iya ba.

Shi ya sa maganar zubi ta fi komai muhimmanci a cikin shawarar nan, ita ce kuma 'yan boko suka fi rainawa. Wanda ya biya kuɗin bugu shi ke da bangon gaba. In ɗan siyasa ya biya, hotonsa ne zai cika shafi, kuma ranar da ya faɗi zaɓe mujalla ta mutu. In wata ƙungiyar waje ta biya, za a rubuta abin da masu ba da kuɗi suke son ji, shekara biyu shiri ya ƙare a kulle ofis. In matan suka biya, tasu ce. Kuma kada a ce ba za su iya ba. Matan da suke riƙe adashi shekara da shekaru ba takarda ba lauya, suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da shi, su ne za a koya wa zubi? Mu yi lissafi na misali. Mata 500 a ƙananan hukumomi huɗu, wato 125 a kowace ɗaya, kowacce naira 500 a wata. Naira 250,000 ke nan a wata, 750,000 a wata uku. Ba za ta buga mujalla mai ƙyalli irin ta manyan otal ba, amma za a fara da 'yan shafuka masu tsafta, a haɗa da na waya kyauta. Da babu gara ba daɗi.

Wani zai ce to me ya sa sai takarda, ba ga Facebook da TikTok ba? A yi duka biyun mana. Amma ku tambayi kanku hotuna nawa kuka rasa da wayarku ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Marigayiya Barmani Choge ta rasu a 2013, ta yi shekaru tana kiɗan ƙwarya tana zaburar da mata su kama sana'a, ita an yi sa'a an naɗi muryarta. Masu amada nawa ne a ƙasar Tudun Wada da Doguwa suka tafi da waƙoƙinsu kabari? Waƙoƙin daka da na niƙa da kakanninmu suke yi, tun da injin ya shigo wa yake yin su, wa ya rubuta su? Takarda tana shiga ƙasan akwati ta yi shekara 40, jika ya zo ya buɗe. Abin da na rasa ke nan game da Inna, kuma ba na so wani yaro ya rasa.

Ba zan ɓoye ba, akwai inda abin zai iya lalacewa, kuma na faɗa wa ƙanwata ido da ido. Na farko, matan birni masu boko su ƙwace shi, ya koma dandalin gayu da hotunan biki, mai faifai ta zama abin ado a shafin baya. Maganinsa a rubuta tun farko cewa mafi yawan shugabanni masu sana'ar ne da kansu, masu boko su yi hidimar rubutu. Na biyu, kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka a yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, a buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, a buga abin da ya shiga da abin da ya fita a shafin ƙarshe na kowace fitowa. Na uku, siyasa. Duk wanda yake son taimakawa ya sayi kofe ya raba wa makarantun 'yan mata, ko ya biya kuɗin talla kamar kowa, amma bangon gaba na aikin mamba ne har abada. Na huɗu, satar zane, domin in an buga hoto wani zai kwaikwaya. Gaskiya ne, amma ai yanzu ma ana kwaikwaya, bambancin kawai in an buga akwai kwanan wata da suna da za a nuna.

To 'yan uwana maza 'yan bokon kudancin Kano, mu ji tsoron Allah. Yankin da yake da madatsar ruwa ta Tiga, da dajin Falgore, da ma'adinan Riruwai, kullum muna kukan an manta da mu, ana kwasar arzikinmu ba a ambaton sunanmu. Abin da muke zargin birni da yi mana, shi muke yi wa iyayenmu mata a cikin gidajenmu. Kowannenmu ya dubi takardar digirinsa ya tambayi kansa faifai nawa, hula nawa, ƙuli-ƙuli nawa ne a cikinta. Sunanmu ne a jikin takardar da manyan baƙaƙe, na waɗanda suka biya babu shi ko a gefe.

Ba a ce mu kafa musu ba, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. An ce ne mu daina dariya, mu matsa gefe, wanda yake da abin bayarwa ya bayar. Lauya ya duba musu tsarin mulki kyauta. Akanta ya koya musu riƙe littafin kuɗi. Mai kyamara ya ba da yini ɗaya a wata. Mai shago a Kano ko Kaduna ko Abuja ya karɓi kofe goma ya ajiye a kan teburi. Maigida ya bar matarsa ta yi rajista, in ya ga dama ya biya mata na watan farko. Malamai kuma su duba tsarin, inda ya saɓa su gyara, inda bai saɓa ba su faɗa a fili.

Ni dai na riga na kira ƙanwata na ba ta haƙuri kan shirun da na yi. Na ce mata duk wata zan biya zubin mata biyar daga cikin tsofaffin unguwarmu da ba su da hali, ba tare da sunana ya fito ko'ina ba. Abu ɗaya na roƙa. Akwai wata gwaggonmu da ta koyi ɗinki a hannun Inna, har yanzu tana iya wancan zanen duk da idonta ya fara gajiya. Na ce a je a ɗauki hoton hular da ke hannunta tun tana raye, a zauna da ita ta faɗi wa ta koya mata, a rubuta sunayen su biyun a ƙasan hoton.

Wanda yake da ja, bismillah, ga fili nan, amma ya zo da hujja, kada ya zo da hoton dariya. Wanda kuma ya san wata gwana a garinsu, daga Rahama har Burji, ya fara tambayarta ko tana so a san aikinta. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya saka wa waɗanda suke raye da alheri, ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu.